INDA JINI KE SAUKE KAYANSA

Akwai wani abu da kusan kowane akawu ya sani a jikinsa, ko da ya ke ba kowa ya taɓa tsayawa ya tambayi dalilinsa ba. Mutum ya sa takalminsa da safe ya ji shi daidai, har da sauran wuri. Ya wuni bisa kujera yana fama da fayil da lissafi, in la'asar ta yi sai ya ji takalmin nan ya matse shi, in kuwa ya cire safa sai ya ga ta bar masa shaida a ƙwauri. Ya kwanta ya yi barci, gari ya waye ƙafa ta koma yadda ta ke. Haka malamin makaranta da ya wuni tsaye gaban allo, haka kuma wanda ya yi doguwar tafiya a mota daga Kano zuwa Ikko. To, mene ne ya shiga ƙafar nan da rana, ina kuma ya tafi da dare?

Ruwa ne, daga cikin jini kuwa ya fito. Abin bai kai a je asibiti ba, amma ya kai a bincika, domin wannan ruwa shi ne ke kumbura yaron da yunwa ta kama har iyayensa su zaci ƙiba ya yi. Wanda ya gane yadda ruwan nan ke fita daga jini da yadda ya ke komawa, ya gane yadda abinci da iska ke isa ga kowane lungu na jikinsa.

Mu fara da wani abin da zai ba mai karatu mamaki. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi masu rai, kamar yadda a ke gina soro da tubali, yawansu ya kai wajen tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana cin abinci, tana buƙatar iska, tana fid da ƙazanta. Jini ne ke kawo musu abin da su ke so, ya kwashe abin da ba su so. Amma duk da haka jinin nan ba ya taɓa ƙwayoyin tsoka, ko na fata, ko na ƙwaƙwalwa. Tun daga ranar haihuwa har ranar mutuwa a cikin jijiyoyinsa ya ke, a rufe, yana zagayawa. In ya fita daga cikinsu, to, an yi rauni ke nan.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5, zuciya kuwa tana tura kusan dukansa a cikin kowane minti guda, ko da mutum yana hutawa. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya kaurinta ya yi na rake, jikinta kuma ƙaƙƙarfa ne, ba abin da ke ratsa shi. Ita da rassanta gwadabe ne kurum, wanda kaya ke wucewa bisansa a ɗaure. Babu garin da ya taɓa ƙoshi da hatsin da ya wuce ta bakin hanya cikin mota. Sai an ratse, an bi kwararo, an shiga lungu, an tsaya ƙofar gida, sa'an nan a ke sauke kaya. Jijiyoyin nan suna ta rabuwa, reshe ya haifi reshe, har su zama wasu 'yan sirara waɗanda ido ba ya iya gani. Likitoci na ce da su kafilari, daga kalmar Latin mai nufin gashi. A nan kaɗai a ke cinikin. Zuciya da huhu da dukan manyan jijiyoyi hidima su ke yi wa waɗannan 'yan ƙanana.

GADAR DA TA ƁACE WA MASANA

Masanan da sun daɗe suna koyar da cewa hanta ke yin jini daga abinci, ya malala zuwa gaɓoɓi, nama ya shanye shi, gobe a sake yin wani. Wani babban likita na birnin Alƙahira, Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya gyara wani sashe na wannan magana. Ya ce bangon da ya raba zuciya gida biyu ba shi da huda, saboda haka tilas jini ya bi ta huhu kafin ya ƙetara daga dama zuwa hagu. A 1628 kuma William Harvey, likitan Sarkin Ingila, ya buga littafinsa inda ya nuna da lissafi cewa jinin da zuciya ke turawa cikin rabin sa'a ya fi dukan jinin da ke jikin mutum. Ina hanta za ta sami abincin da za ta yi wannan jini? Ashe jini guda ne ke fita ya komo, ya sake fita.

Sai dai akwai giɓi a cikin hujjarsa. Ya ga jijiyoyin da ke kai jini, ya ga masu komo da shi, amma bai ga abin da ya haɗa su ba. Ya rasu a 1657 bai gani ba. Bayan shekara 4, watau a 1661, wani masani a birnin Bolonya ta ƙasar Italiya, Marcello Malpighi, wanda aka haifa a ainihin shekarar da littafin Harvey ya fito, ya sa huhun kwaɗo ƙarƙashin madubin likita, sai ga 'yan siraran hanyoyi sun saƙu kamar koma, sun haɗa wannan jijiya da waccan. A 1688 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya ga jini yana gudana cikinsu a wutsiyar talibambam mai rai. Duk malamin da makarantarsa ke da madubin likita yana iya nuna wa ɗalibansa wannan da damina, gani kuwa ya kori ji. Wanda ba shi da madubi sai ya ce wa yara kowa ya danna farcensa. Zai ga wurin ya yi fari, in ya saki ya koma ja kafin daƙiƙa 2. Jinin siraran jijiyoyin ne ya kora, suka sake cika.

Ƙanƙantarsu sai da awo na musamman. A raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane kashi shi a ke kira maikiron. Kaurin gashin kai wajen maikiron 70 ne. Faɗin kafilari daga maikiron 5 zuwa 10, tsawonsa da ƙyar ya kai milimita guda, bangonsa kuwa shimfiɗar ƙwaya ɗaya ce tak, wadda kaurinta bai cika maikiron ɗaya ba. Jajayen ƙwayoyin jini faɗinsu tsakanin 7 ne da 8, saboda haka ɗai-ɗai su ke shiga, kamar tumaki a ƙunƙuntar ƙofa, wani lokaci ma sai sun lanƙwashe. A nan ne wahalar masu amosanin jini, watau sikila, ta ke. In iska ta yi ƙaranci jajayen ƙwayoyinsu sukan ƙage su yi siffar lauje, su tokare hanya, naman da ke gaba ya rasa jini, ciwo mai tsanani ya tashi a ƙashi. Mugun zazzaɓin cizon sauro ma haka ya ke yi, ƙwayoyin da cutar ta shiga su manne a bangon 'yan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yaro ya suma.

Jinin da ya baro zuciya a guje, in ya iso nan sai ya yi sanyi, domin ya rarrabu cikin hanyoyi marasa iyaka, kamar kogin da ya fantsama cikin fadama. Ba ya cin milimita guda a daƙiƙa. Duk zamansa a wurin bai wuce daƙiƙa 1 ko 2 ba, kuma a kowane lokaci kashi 5 cikin 100 ne kurum na jinin mutum ke cikin waɗannan hanyoyi. Cikin wannan ɗan ƙiftawa a ke saye, a sayar, a ƙulle kaya, a wuce.

DILLALI

Tun da jini ba ya taɓa ƙwayoyi, lalle akwai dillali tsakaninsu. Dillalin shi ne wani ruwa garai-garai mai ɗan gishiri, wanda ya cika ratar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Kowa ya taɓa ganinsa. In wuta ta ƙona mutum, ko ƙotar fartanya ta ci hannun wanda bai saba noma ba, ruwan da ke taruwa cikin bororo shi ne. Za mu kira shi ruwan tsakani. Namiji mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa wajen lita 42, watau garwa biyu da 'yan kai. Lita 28 suna cikin ƙwayoyi, wajen 11 su ne ruwan tsakani, 3 kacal ne ruwan jini. Duk abin da zai fita daga jini sai ya ratsa bangon jijiya, ya faɗa ruwan tsakani, sa'an nan ya nemi ƙofar ƙwaya. Ƙazanta kuma ta biyo wannan hanya da baya.

Wa ke ɗaukar kayan? Yawancinsu babu mai ɗauka, da kansu su ke tafiya. A ɗiga tawada cikin kofin ruwa a bar shi ba a motsa ba. Sannu a hankali za a ga ta bazu, daga inda ta yi yawa zuwa inda babu, har ruwan duka ya rine. Haka kowane narkakken abu ke yi. Iskar oksijin ta fi yawa a jini, ƙwayoyi kuwa kullum ƙone ta su ke yi, saboda haka daga jini ta ke bazuwa zuwa gare su. Gurɓatacciyar iska, watau iskar kabon da ƙwayoyi ke fitarwa, ta fi yawa a wajensu, sai ta bazu zuwa cikin jini. Babu awo, babu umurni, buƙata ce ke jan kaya. Ƙwayar da ta fi aiki ita ta fi ƙarar da nata, ita kuma za ta fi samu.

Amma bazuwa tana da wani mugun hali: ba ta son nisa. In nisa ya ninka sau 10, lokacin da za ta ci sai ya ninka sau 100. Oksijin yakan ƙetare maikiron 10 cikin ɗan guntun daƙiƙa. Milimita guda sai ya ci mintoci, santimita guda sa'o'i masu yawa, mita guda kuwa shekaru. Da a ce babban yatsan ƙafa zai jira iska ta bazu daga huhu ta iso gare shi, da ya ruɓe tun tuni. A ganina wannan shi ne dalilin dukan ginin. Saboda shi aka yi zuciya ta yi jigilar nesa da ƙarfi, saboda shi kuma siraran jijiyoyi suka yi yawan da in an jera su za su yi dubban mil, har ya zama da wuya a sami ƙwaya mai aiki da ta yi nisan kaurin gashi ɗaya ko biyu daga ɗayansu. Guringuntsi da gilashin gaban ido ba su da jijiyoyin jini, daga gefe su ke samun abinci, shi ya sa guringuntsi in ya ji ciwo ya ke daɗewa bai warke ba.

Oksijin ba ya narkewa sosai cikin ruwa, don haka jajayen ƙwayoyi ke ɗauke da wani sinadari mai ƙarfe a jikinsa, himogulobin, wanda ke kama shi a huhu ya sake shi a nama. Jini yakan bar huhu cike, wajen kashi 98 cikin 100, ya komo da wajen 75 in mutum yana zaune. Watau rubu'i kurum ya sauke, sauran ajiya ce don ranar gudu. A 1904 Christian Bohr da abokan aikinsa a birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak suka gano cewa inda iskar kabon ta yi yawa riƙon himogulobin yakan sassauta. Tsami da zafi ma haka su ke yi masa. Tsokar manomi da ke huɗa tana da dukan ukun nan, ga shi kuma ƙananan jijiyoyin da ke kawo mata jini sun buɗe, sai kaya su sauka daidai inda a ke nema. Shi Bohr yana ganin huhu ne ke tura oksijin cikin jini da ƙarfinsa. Almajirinsa August Krogh, tare da matarsa Marie, suka nuna a 1910 cewa bazuwa kaɗai ta isa. Krogh ya ci gaba da binciken siraran jijiyoyin tsoka, har aka ba shi lambar Nobel a 1920.

Bari mu ɗan ratse, don abin ya shafi rai. Hayaƙin gawayi da na janareto suna da wata iska marar wari wadda himogulobin ke kamawa fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Wanda ya kwana da kaskon wuta cikin ɗaki a kulle da hunturu, jininsa zai yi ta zagayawa lafiya lau, amma da kayan banza, ya iso kasuwa babu abin saukewa.

KOWANE GIDA DA IRIN ƘOFARSA

Bangon siraran jijiyoyi ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Oksijin da iskar kabon, da duk abin da ke narkewa cikin mai, ta tsakiyar ƙwayoyin bangon su ke ratsawa. Ruwa da gishiri da sukari kuwa sai su bi ta 'yan tsagogin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. A tsoka da fata tsagogin matsattsu ne. A hanji da ƙoda bangon yana da tagogi kamar rariya, har ƙodoji biyu kan tace ruwa wajen lita 180 a kwana guda, su mayar da kusan duka cikin jini, su bar lita ɗaya da rabi ta zama fitsari. A hanta ramukan manya ne ƙwarai, domin hanta ke ƙera manyan sinadaran jini, tilas kuwa a bar musu ƙofar fita.

Ƙwaƙwalwa ita ce gidan sarki. A 1885 Paul Ehrlich na Jamus ya yi wa dabbobi allurar rini a jini, ya ga dukan gaɓoɓi sun rine ban da ƙwaƙwalwa da laka. A 1913 almajirinsa Goldmann ya zuba rinin cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai ita ta rine, sauran jiki bai rine ba. A can an liƙe tsagogin sarai, sukari ma sai an yi masa jagora ya ke shiga. Wannan katanga tana tsare ƙwaƙwalwa daga guba mai yawa, amma tana ba likitoci wahala, don magunguna da dama ba su iya ƙetare ta, kuma mai maganin sanƙarau dole ya zaɓi wanda ke isa can. Abin takaici, giya da sinadarin taba ba su san akwai katanga ba. Sinadarin da ke cikin goro ma haka, shi ya sa ya ke korar barci.

In kaya sun iso ruwan tsakani, saura ƙofa ta ƙarshe. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani na mai, wanda iska ke ratsawa amma sukari da gishiri ba su iya ratsawa sai ta ƙofofi na musamman. A tsoka da kitse ƙofofin sukari ba su buɗuwa sosai sai da izinin wani sinadari, insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi ke yi. Banting da Best suka fid da shi a birnin Toronto na Kanada a 1921. In ya yi ƙaranci, ko ƙwayoyi suka daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini ya rasa mai karɓa, har ya malala cikin fitsari, tururuwa ta taru. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, wannan shi ne ciwon sukari. In ya daɗe ba a kula ba, siraran jijiyoyin ne da kansu ya ke ɓatawa, a ido da ƙoda da ƙafa.

Akwai kuma kayan da ƙwaya ke turawa da ƙarfin tsiya, kishiyar inda bazuwa ke so. A 1957 Jens Skou, shi ma mutumin Danmak, yana bincike kan jijiyar ƙaguwa, ya gano wani famfo a jikin tantanin nan, mai fid da sodiyam 3 waje ya shigo da fotasiyam 2, dare da rana. Kashi 1 cikin 5 ko fiye na ƙarfin da mutum ke ƙonewa yana hutawa wajen wannan famfo ya ke tafiya. In ya tsaya, gishiri ya kwararo ciki, ruwa ya bi shi, ƙwaya ta kumbura ta fashe.

TURI DA JA

Yanzu sai mu komo ga takalmin akawu. Randar ƙasa in an cika ta da ruwa takan yi gumi a jikinta. Siraran jijiyoyi ma haka, ƙarfin turin zuciya yana matso ruwa ta bangonsu. Me zai hana jini ya tsiyaye duka? Ernest Starling, wani masani a London, shi ya ba da amsa a 1896. A barbaɗa gishiri bisa yankakken tumatir, ba da jimawa ba za a ga ruwa ya fito, don gishiri yana jan ruwa zuwa inda ya ke. Cikin ruwan jini akwai wani sinadari mai gina jiki, albumin, ɗan'uwan farin ƙwai, wanda hanta ke yi, wajen giram 40 a kowace lita. Ya yi girma da bin tsagogin bango, saboda haka ya zauna a ciki yana jan ruwa. Zuciya na turi, albumin na ja.

A 1930 wani Ba'amurke, Eugene Landis, ya soka wata siririyar allura ta gilashi cikin kafilarin gindin farcen mutum, ya auna. Ya sami turin ya kai milimita 32 na zaiba a mashiga, ya sauka zuwa 12 a mafita, alhali jan albumin wajen 25 ne. Daga nan littattafai suka koyar da cewa ruwa yana fita a farkon hanya, ya koma a ƙarshenta. Magana ce mai daɗin koyarwa, an kuwa yi shekaru ana koyar da ita, amma awon da aka yi daga baya bai yarda da ita duka ba. A 2010 Levick da Michel na Ingila suka tattara hujjoji cewa a yawancin gaɓoɓi ruwan tsattsafowa ya ke yi kaɗan-kaɗan tun daga mashiga har mafita, jan albumin rage fitarsa ya ke yi kurum. Mataci na ainihi kuwa wata shimfiɗa ce mai yauƙi kamar kuɓewa, wadda ta shafe cikin jijiyar. Komawar ruwa kai tsaye takan auku a hanji da ƙoda, ko kuwa na ɗan lokaci in mutum ya zubar da jini.

To, ina ruwan ke zuwa? Akwai wasu magudanai dabam, waɗanda a ke kira hanyoyin limfa. Bakinsu yana cikin nama, suna tsotse rarar ruwa da ɗan albumin da ya sulale, su bi da shi ta wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu tace ƙwayoyin cuta, daga bisani su juye shi cikin jini a gindin wuya. Ƙulle-ƙullen nan su ne ke tashi a matsematsi in mutum ya yi gyambo a ƙafa, mu ce kaluluwa. Ruwan da ke shiga magudanan nan ya kai wajen lita 8 a kwana, alhali dukan ruwan jini lita 3 ne. Ba su da zuciya tasu, sai ɗan motsin bangonsu, da matsar tsoka, da wasu marufai masu hana ruwa komawa baya.

Mutum in ya tsaya cik, nauyin jinin da ke bisa idon ƙafarsa tun daga zuciya yakan kai turin wurin wajen milimita 90. In ya fara tafiya, tsokar sha-raɓa ta dinga matse jijiyoyi, sai ya faɗo ƙasa da 30. Akawun da ya wuni zaune ya hana tsokar nan aiki, turi ya rinjayi ja, magudanai kuma suka yi sanyi, ruwa ya taru. Da dare ya miƙe, ƙafa ta yi daidai da zuciya, magudanai suka kwashe. Maganinsa arha ne, ya riƙa tashi bayan kowace sa'a yana ɗan zagayawa. Sai dai in ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura, da zafi, musamman bayan doguwar tafiya, wannan na likita ne, don yana yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya.

Kumburin da ba ya saɓewa da safe, a cikin ukun nan a ke neman dalilinsa. Ko turi ya yi yawa, kamar in zuciya ta gaza, jini ya yi cunkoso a baya, ruwa ya taru a ƙafa har ya hau huhu, mutum ya kasa kwanciya. Ko magudana ta toshe, kamar a ciwon tundurmi, wanda wata tsutsa da sauro ke yaɗawa ke haddasawa in ta zauna cikin hanyoyin limfa. Ko kuwa ja ya yi rauni, in hanta ta lalace ta kasa yin albumin, ko ƙoda ta yoye shi cikin fitsari. Mai ciki takan yi ɗan kumburin ƙafa ba komi, amma in fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai, kada a kwana ba a auna jininta ba, domin ciwon jijjiga haka ya ke sallama.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne na yara. Wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta zo aiki ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu ita ce Gana, a 1929. A asibitin yara na Ankara ta dinga ganin waɗanda aka yaye bisa kokon masara zalla, ƙafafu da fuska a kumbure, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, yaro ba ya wasa, ba ya ko son abinci. Ta bayyana ciwon a 1933, wasu manyan likitoci a Ingila suka yi mata musu suka ce wani tsohon ciwo ne da aka riga aka sani. A 1935 ta sake rubutu, ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiorkor, watau ciwon yaron da aka yi wa ƙane aka ture shi daga nono. Ita ce ta yi gaskiya. Mu ma mun san shi a ƙasar Hausa, a gidajen da a ke yaye yaro bisa kunu ko koko kurum, babu nono, babu wake, babu gyaɗa, babu ƙwai ko kifi. Albumin ɗin irin wannan yaro ya yi ƙasa ƙwarai, bangon 'yan jijiyoyinsa ya yi rauni, ƙodarsa kuma tana riƙe gishiri, sai ruwa ya bar jini ya cika nama.

Haɗarin shi ne ido yana ruɗuwa, ma'auni ma yana ruɗuwa. Yaron da tamowa ta busar kowa ya gan shi ya san ba shi da lafiya. Wannan kuwa kumatunsa cike su ke, kaka ta ɗauke shi ta ce ya yi nauyi, alhali ruwa ta ɗauka. Ba a kuma gyara shi da ɗura masa nama da mai rana ɗaya, ko da maganin sa fitsari, don zuciyarsa da hantarsa ba za su ɗauka ba. A asibiti da wata madara ta musamman a ke farawa, kaɗan-kaɗan, dare da rana, kuma alamar sauƙi ta farko ita ce nauyinsa ya ragu, ruwan ya sauka, sa'an nan ya soma yin nama na gaskiya.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki, kowane malami yana iya yinsa, ya kuma koya wa iyayen ɗalibansa. A kama ƙafafun yaron duka biyu, a danna bayan kowace ƙafa da babban yatsa a hankali, a ƙidaya daƙiƙa 3, a ɗaga. Kitse yakan taso nan da nan. In rami ya zauna a ƙafafun duka biyu, ko yaya nauyin yaron ya ke, a kai shi asibiti a ranar.